Ƙafa 500 na Ƙarshe: Yadda Ƙaramin Jirgi ke Kuɓuce wa Matuƙinsa

Idan aka shimfiɗa taswirar Arewa aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin Zariya zuwa na Malam Aminu Kano, layin zai ratsa tsakanin Kiru da Bebeji, ya bar madatsar ruwan Tiga can a hannun dama. Idan aka ja wani daga Kano zuwa Jos, zai bi ta gabashin Tudun Wada, ya ƙetare dajin Falgore, ya haura duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa. Babu filin jirgin fasinja a ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, amma samaniyarsu hanya ce. Manomin da ya ɗaga kai daga kunya ya hango ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana wucewa kamar shirwa, tsayin nan ne ke fara ba shi tsoro, har ya ce a ransa: wannan in ya rikito fa?

Tsayin kuwa shi ne dukiyar matuƙi. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, wanda aka ƙera da yawa fiye da kowane jirgi a tarihi, ko injinsa ya mutu ɗungurungum ba ya faɗowa kamar dutse. Zamewa yake yi a kan iska, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kimanin mita tara a gaba. Wanda injinsa ya ɗauke yana mita 2,000 bisa gonakin Kiru yana da tafiyar kusan kilomita 18 a hannunsa, da kusan minti tara na zaɓen fili. Mai shirin sauka shi ne wanda ya riga ya kashe wannan dukiya da gangan: ya rage tsayi, ya rage gudu, ya matso kusa da abin da zai iya kashe shi. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ƙasar da ta fi kowacce yawan ƙananan jirage, ta ƙididdige cewa tsakanin 2008 da 2014 kusan rabin haɗurran ƙananan jirage da aka rasa rai a cikinsu sun auku ne saboda jirgi ya kuɓuce wa matuƙinsa, kuma mutanen da suka mutu ta wannan hanya sun haura 1,000. Mai bin rahotannin irin waɗannan haɗurra zai lura da abu guda da ke maimaita kansa. Kafin jirgi ya kuɓuce daga hannu, matuƙin ya riga ya ƙulla a ransa cewa ko ana ha-maza ha-mata sai ya sauka a wannan karon.

Fahimtar hakan tana buƙatar a san yadda fiffike ke aiki. Duk wanda ya taɓa zura tafin hannunsa ta tagar mota a kan titin Kwanar Ɗangora ya riga ya yi gwajin. A ɗan ɗaga gaban tafin, sai iska ta cira hannun sama. A ƙara ɗagawa, ta ƙara cirawa. A wuce wani mizani, sai cirawar ta ɓace, iskar ta koma tunkuɗa hannun baya kawai. Haka fiffike yake. Muddin kusurwar da ke tsakaninsa da iskar da yake tsagawa ba ta wuce kimanin digiri 15 ko 16 ba, iska tana bin bayansa sumul tana ɗauke da jirgin. Da zarar an wuce nan, sai ta ɓalle ta hargitse, ɗaukar ta ragu ƙwarai, hancin jirgi ya sunkuya. Ana iya kiran wannan hali sarewar fiffike. A Turanci kalma ɗaya ce da wadda ake faɗa idan mota ta mutu a kan hanya, shi ya sa masu fassara labarai a gurguje sukan rubuta cewa injin jirgin ya mutu, alhali sau da yawa injin yana ruri lafiya lau har lokacin da jirgin ya daki ƙasa.

Gwargwadon raguwar gudu, gwargwadon ƙarin kusurwar da fiffike ke buƙata domin ya ci gaba da ɗaukar nauyi. Saboda haka sauka tafiya ce da ake yi da sani zuwa bakin sarewa. Mai kallon balbela tana dira a gaɓar Tiga zai ga darasin gaba ɗaya: ta fuskanci iska, ta baje fukafukai da jela, ta ɗaga ƙirji, ƙarfin ɗaukarta ya ƙare daidai lokacin da ƙafafunta suka taɓa laka. Matuƙi ma abin da yake nema ke nan, fiffike ya sare taya tana taƙi ɗaya bisa kwalta. Har akwai 'yar jiniya a cikin jirgin da ke kuka idan an kusa sarewa, kuma jin kukanta daf da taɓa ƙasa alama ce ta kyakkyawar sauka. Jin ta a ƙafa 300 wani labari ne dabam. Cessna 172 yakan gangaro da gudun kimanin kilomita 120 a awa, ya sare a wajen 90. Tazarar da ke tsakanin lafiya da faɗuwa kilomita 30 ce kacal, abin da ɗan acaɓa ke ƙarawa ba tare da ya lura ba.

Wurin da wannan tazara ta fi saurin ƙarewa shi ne kwana ta ƙarshe. A Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kamar a kowace makarantar tuƙi, ɗalibi yakan shafe sa'o'insa na farko yana zagaye mai kusurwa huɗu: ya tashi, ya hau zuwa ƙafa 1,000, ya bi gefen titin jirgi ya wuce shi, ya yi kwana yana gangarowa, ya sake kwana ya fuskanci titin, ya taɓa ƙasa, ya sake tashi. Kwana ta ƙarshen nan ana yin ta ne a wajen ƙafa 400 zuwa 500. A ce iska tana turo jirgin daga baya kafin kwanar, sai matuƙi ya ga ya zarce layin titin. Ransa zai ce masa ya ƙara kwantar da jirgin domin ya dawo kan layi. To amma kwanciya tana ƙara wa fiffike nauyi. Jirgin da ya kwanta digiri 45 yana riƙe da tsayinsa, gudun sarewarsa yana ƙaruwa da kashi 19 cikin ɗari. A digiri 60, da kashi 41. Wato 90 ɗin nan ta koma 127, ta haura gudun da jirgin yake yi.

Matuƙin da aka koya wa tsoron kwantar da jirgi kusa da ƙasa yakan faɗa tarkon da ya fi wannan muni. Maimakon ya kwanta, sai ya danna matakin ƙafa mai juya allon jela, domin ya jawo hancin jirgin ya kalli titi. Hanci ya juya, amma fiffiken da ke cikin kwana ya rage gudu, na waje ya ƙara, jirgin ya soma kwanciyar da ake gudu. Sai ya murɗa sitiyari ta ɗaya gefen domin ya hana shi. Hanci ya sunkuya, sai ya ja sitiyarin baya. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan uku amsa ce mai kama da hankali ga abin da ido ke gani, kuma haɗuwarsu ita ce hanyar da malaman tuƙi ke bi idan suna son su jefa jirgi cikin majaujawa da gangan. Fiffiken ciki ya riga na waje sarewa, jirgin ya kife ta wannan gefe, ya nufi ƙasa yana wulwulawa. Ƙwararren da ya san abin da ke tafe yana buƙatar kimanin ƙafa 1,000 ko fiye kafin ya fito daga majaujawa. Wannan kuwa yana da 400.

Wanda ya tsallake kwanar yana da sauran aiki a kan titin, ko da yake haɗurran da ke aukuwa a nan sun fi lalata ƙarfe fiye da cin rai. Ɗalibin da ya ji labarin sarewa yakan ƙara gudu don kariya, ƙarin kuma yana da nasa farashi. Kusa da ƙasa fiffike yana samun wani irin matashi na iska, jirgi mai rarar gudu sai ya yi ta shawagi bisa kwalta ya ƙi zama, titi yana ƙarewa a gabansa. Ƙarin kashi 10 na gudu yana ƙara kimanin kashi 20 na filin da ake buƙata. Mai gajen haƙuri sai ya tura hanci ƙasa don ya tilasta masa zama. Tayar gaba, wadda ba a gina ta don ɗaukar nauyin sauka ba, ta daki kwalta ta cilla jirgin sama, ya sake dawowa ta hanci, kowane tsalle ya fi na baya, matuƙi yana gyara a makare, har tayar ta karye ko farfela ta sari ƙasa.

Sai kuma iskar gefe. Lambobin da ake rubutawa a bakin titin jirgi suna nuna inda ya fuskanta, kuma babban titin Kano, mai lamba 06 da 24, ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, daidai da hanyar iskar damina da ta hunturu. Amma iska ba ta karanta lamba. Idan ta bugo daga gefe, dole matuƙi ya kwantar da fiffike ɗaya cikinta, ya riƙe hanci a kan layi da ƙafarsa, ya dira da taya ɗaya tukuna. Masu ƙera Cessna 172 sun gwada shi ne a iskar gefe mai gudun kimanin kilomita 28 a awa, wadda ba ta kai ta yaye rufin kwano ba. Kano ta ga abin da sauka mara kyau ke yi ko ga babban jirgi. Ranar 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya domin kwaso alhazai daga Jidda, ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Ya dira cikin iska mai ƙarfi, tayar gaba ta riga taɓa ƙasa ta karye, ƙafar dama ta bi ta, jirgin ya juya ya bar titi ya kama wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin babu hatsarin jirgin sama da ya fi shi cin rai a duniya.

Kowane lokaci na shekarar Arewa yana cin tazarar matuƙi ta fuskarsa. Da bazara zafi ke sirantar da iska. Filin jirgin Kano yana mita 476 bisa teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, fiffike da inji da farfela suna aiki ne kamar suna wajen mita 1,500: jirgi yana taɓa ƙasa da gudun da ya fi na kullum, yana cin titi, kuma idan aka nemi ya sake hawa sai ya yi nawa. Da farkon damina, wadda kan riga faɗuwa a Doguwa kafin ta iso birni, hadari yana tasowa daga gabas da holoƙo a gabansa, iska ta sauya fuska cikin daƙiƙu. Jirgin da ke gangarowa da gudun 120 yana fuskantar iska mai gudun 40, idan iskar nan ta ɗauke farat ɗaya, abin da fiffike zai ji shi ne 80. Irin wannan juyin iska yana cikin labarin jirgin BOAC da ya faɗi a Kano yana tashi ranar 24 ga Yuni 1956, da na jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006 da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a cikinsa. Abin da ya kayar da waɗannan ba zai yi wahalar kayar da jirgi mai kujera huɗu ba.

Amma mafi ha'incin yanayi shi ne wanda ba ya girgiza jirgi ko kaɗan, wato hazo da duhu. Mafi yawan masu tuƙa ƙananan jirage da ido suke tuƙi. Layin da sama ta haɗu da ƙasa shi ke gaya musu ko jirgi a miƙe yake ko a karkace. Hazon hunturu yana shafe wannan layi da rana tsaka, dare kuma yana shafe shi a duk inda babu fitilu. Mai ƙetare Falgore bayan magariba ba shi da komai a ƙarƙashinsa sai baƙi, a gabansa kuma akwai duwatsun Riruwai da suka haura mita 1,000. Direbobin hanyar Kano zuwa Jos suna da nasu dalilan na ƙin yarda dare ya riske su a dajin nan, matuƙin da ya dogara da idonsa ma yana da nasa. Hausawa sun ce jiki magayi, amma a nan jiki maƙaryaci ne. Ruwan da ke cikin kunne, wanda ke sanar da mutum ya karkata, canji kawai yake ji. Idan jirgi ya kwanta sannu a hankali, kunne ba zai ji ba. Idan kwanar ta ɗore kamar daƙiƙa 20, ruwan sai ya lafa, mutum ya rantse a miƙe yake. Yana jin iska tana ƙara ƙara, yana ganin tsayi yana raguwa, sai ya ja sitiyari baya don ya hau, jan kuwa a jirgin da ya kwanta ƙara matse kwanar yake yi. Ko fitilun titin jirgi, idan su kaɗai ne haske a tsakiyar duhu, suna yaudarar ido ya ga kamar jirgi ya yi sama da yawa, matuƙi ya yi ta saukowa har ya haɗu da bishiya ko tudu tun bai kai filin ba.

Maganin wannan shi ne a ƙaryata jiki a gaskata agogunan da ke gaban matuƙi, kuma wannan fasaha ce ta daban mai lasin na daban. Lasin farko na mai tuƙi don kansa ana iya samunsa da sa'o'i 40 na tashi a ƙa'idar duniya. Shaidar tuƙi da na'ura tana buƙatar wasu sa'o'i 40 na horo a kan agogunan kaɗai. A 1954 masu bincike a Jami'ar Ilinoi ta Amurka sun rufe wa matuƙa 20 marasa wannan horo ganin waje, suka auna tsawon lokacin da kowanne zai riƙe jirgi. Matsakaicin ya kama daƙiƙa 178, bai cika minti uku ba. Ranar 16 ga Yuli 1999 John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, wanda ba shi da wannan shaida, yana gangarowa da dare cikin hazo bisa teku don ya sauka a tsibirin Martha's Vineyard, jirginsa Piper Saratoga ya kuɓuce masa. Shi da matarsa da yayarta suka rasu, kuma masu bincike ba su sami wata lalura a jikin jirgin ba.

Najeriya tana da nata labarin, kuma ya ratsa ta Zariya. Ɗanbaba Suntai, masanin haɗa magunguna da ya zama gwamnan Taraba a 2007, mutum ne mai son jirgin sama da gaske, har ya je kwalejin Zariya yana kan mulki ya sami lasin tuƙi. Ranar Alhamis 25 ga Oktoba 2012, jajiberin Babbar Salla, ya tashi daga Jalingo zuwa Yola da yamma yana tuƙa Cessna 208 Caravan na gwamnatin jihar, tare da jami'ansa uku. Tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba, kimanin rabin awa ce a wannan jirgi, wanda aka san shi a duniya da juriya da sauƙin sauka a ƙananan filaye. Sai dai a ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa a Yola kafin ƙarfe shida, kuma a wannan yanki na duniya tsakanin faɗuwar rana da duhu ɗan lokaci ne. Jirgin ya faɗi a wajen gari kafin ya kai filin. Duk su huɗun sun rayu, amma gwamnan ya sami mummunan rauni a ka. Aka kai shi Jamus, daga nan Amurka. Ya dawo a watan Agusta 2013 bayan wata goma, jihar ta shiga doguwar taƙaddama kan ko zai iya karɓar mulki daga mataimakinsa Garba Umar, kuma bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yuni 2017.

Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Najeriya, wanda ya fito bayan shekaru, bai yanke hukunci a kan ainihin abin da ya faru a daƙiƙun ƙarshe ba. Abin da ya jero shi ne abubuwan da suka gabata: matuƙin ba shi da cancantar tuƙa wannan nau'in jirgi, ba shi da shaidar tuƙi da na'ura ko izinin tashi da dare, kuma ya yi tafiyar da ake yi da ido bayan rana ta faɗi. Ba a nan ne za a yi wa mamaci shari'a ba, kuma mai son ya ce girman kai ne ya jawo ya sauƙaƙa wa kansa tambayar da yawa. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne tsarin da ke kewaye da shi a yammacin nan. A kamfanin jiragen fasinja akwai jami'in da ke sa hannu kafin a tashi, akwai babban matuƙi da zai iya hana wani jirgi, akwai mataimaki a kujerar dama. A Jalingo mai jirgin da matuƙin da shugaban kowa da ke wurin mutum ɗaya ne, fasinjojinsa kuma jami'an da aikinsu shi ne su bi shi duk inda ya nufa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wa zai faɗa wa gwamna haka a jajiberin Salla?

Ga wanda ya riga ya tashi, akwai mafita guda da ke warware kusan duk abin da aka lissafa a baya, tun daga zarce layi zuwa shawagi da tsalle da iskar gefe, ita ce fasa sauka. Matuƙi ya tura totur gaba ɗaya, ya daidaita fukafukai, ya riƙe hanci, ya hau, ya sake zagayowa, ko ya nufi wani filin. A ƙaramin jirgi abin da hakan ke ci bai wuce minti biyar ko shida da 'yan litocin mai ba. Kamfanonin jirage sun mayar da shi doka: idan jirgi ya sauko ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko ƙafa 500 a sarari, bai daidaita a kan layi da gudu da gangara ba, a fasa, kuma ba a tuhumar wanda ya fasa. Duk da haka, binciken da gidauniyar Flight Safety Foundation ta wallafa a 2017 ya nuna cewa cikin saukar da ba ta daidaita ba, kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai ake fasawa. Waɗannan ƙwararru ne masu dubban sa'o'i, biyu-biyu a kujera.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa hango ƙofar gidansa bayan doguwar tafiya. Titi yana gabansa, masu tarba suna jira, hasumiya tana kallo, kuma sau tara cikin goma da ya lallaɓa a baya ya sauka lafiya, kowace lallaɓawa tana koya masa cewa dokar ta masu tsoro ce. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma rago ba shi da fasinjan da zai tambaye shi me ya faru. Sannan fasawar kanta tana da nata tarko idan aka makara ko ba a saba ba. Jirgin da aka saita don sauka, da an ba shi wuta sai hancinsa ya ɗaga da ƙarfi ya karkata hagu, wanda bai danne shi ba zai sare a ƙafa 50. Shi ya sa malamin kirki yakan umarci ɗalibi ya fasa a ranar da komai ke tafiya daidai, ba zato ba tsammani, har hannu ya saba kafin ranar da za a buƙace shi.

Idan hatsari ya auku akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma a kan tabarmar ta'aziyya babu abin da ya fi wannan dacewa a faɗa. Aikin mai bincike daban ne. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tanadi cewa ana binciken hatsari ne domin a hana irinsa, ba domin a ɗora wa wani laifi ba, kuma amfanin rahoto yana ga matuƙin da zai karanta shi ya gane kansa a ciki. Kusan duk abin da aka sani game da kwana ta ƙarshe da yaudarar kunne an tattaro shi ne daga irin waɗannan rahotanni da aka baza wa kowa. Rahoton Yola, duk da jinkirinsa, ya fito, ɗalibi a Zariya zai iya zama ya karanta shi. Ranar Juma'a 21 ga Mayu 2021, jirgin sojin sama Beechcraft King Air 350 da ya taso daga Abuja ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna yana shirin sauka cikin mummunan yanayi. Babban hafsan sojin ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda bai cika wata huɗu a kan muƙamin ba, yana kan hanyar zuwa bikin yaye sababbin sojoji a Zariya washegari. Shi da mutum goma suka rasu. Rundunar ta gayyaci hukumar bincike ta farar hula, wadda ta miƙa mata rahoton wucin gadi bayan 'yan watanni. An sanar da miƙawar a bainar jama'a, amma ba a baza abin da ke cikin rahoton ba.